Komawa Aji Bayan Gemu Ya Fito: Wasannin Zane na Japan da Al'amarin Dama ta Biyu

Duk wanda ya bi ta Sama Road a cikin birnin Sakkwato bayan sallar la'asar, lokacin da zafin rana ya fara sassautawa, da wuya ya rasa ganin samari biyu ko uku a kan benci sun haɗa kai a kan wayar hannu guda. Sau da yawa ƙwallon ƙafa suke kallo, ko kuwa fim ɗin Indiya da aka juya zuwa Hausa. Amma a 'yan shekarun nan wani abin kallo na uku ya shigo, watau wasannin zane na ƙasar Japan, waɗanda mutanen ƙasar suke kira anime. Dattawa sukan ɗauka katun ne irin na yara, su wuce abinsu. Wannan zato kuwa yana bukatar gyara, domin akwai wani reshe na waɗannan wasanni wanda ba don yara aka yi shi ba, kuma tambayar da yake yi ta fi shafar ɗalibin jami'a da ma'aikacin gwamnati: idan mutum ya yi tuntuɓe a farkon rayuwarsa, shin akwai hanyar da zai koma ya sake?

Wannan sana'a ta zane mai motsi ta kafu sosai a talabijin ɗin Japan tun daga ran 1 ga Janairu, 1963, ranar da aka fara nuna Tetsuwan Atomu na Osamu Tezuka. Ba kuma baƙuwa ba ce a Nijeriya, domin Voltron da yara suka yi ta kallo a talabijin a shekarun 1980 asalinsa zanen Japan ne da Amurkawa suka sake wa suna. Akasarin waɗannan wasanni sukan fara fitowa a matsayin labari mai hotuna a takarda, wanda ake kira manga, sa'an nan idan ya karɓu a mai da shi wasan talabijin.

Labarin Kaizaki

Wasan da ya fi kowane fito da wannan tambaya a fili shi ne ReLIFE. Yayoiso ne sunan alƙalamin wanda ya ƙago shi, ya kuma fara fitowa a manhajar waya mai suna Comico a watan Oktoba na 2013, ya ƙare a watan Maris na 2018. An mai da shi wasan talabijin mai kashi 13 a shekarar 2016, aka ƙarasa shi da wasu kashi 4 a 2018.

Tauraron labarin, Arata Kaizaki, ɗan shekara 27 ne. Ya yi karatu mai zurfi, ya sami aiki a wani kamfani, amma ya ajiye aikin bayan wata uku kacal. Tun daga nan duk inda ya nemi aiki sai a tambaye shi dalilin barin na farko, a sallame shi. Ya koma tsaron kanti na wucin gadi, iyayensa sun gaji sun yanke kuɗin da suke aiko masa, kuma idan zai haɗu da abokan karatunsa sai ya sa kwat ya yi kamar daga ofis yake. Ana cikin haka wani ma'aikacin wata cibiyar bincike, Ryo Yoake, ya zo masa da tayi: ya haɗiye wata ƙwaya wadda za ta mai da kamanninsa na ɗan shekara 17, ya shiga ajin ƙarshe na makarantar sakandare ya yi shekara guda. Za a ɗauki nauyin cinsa da shansa, kuma idan ya yi abin kirki za a samo masa aiki. Sharuɗɗan biyu ne. Kada ya faɗa wa kowa, sa'an nan idan shekarar ta cika duk wanda ya zauna da shi a ajin zai manta da shi sarai.

Wanda bai kalli wasan ba zai zaci Kaizaki zai shiga aji ya yi ta cin na ɗaya, tun da ya riga ya wuce wurin. Ba haka abin ya kasance ba, kuma a nan ne hikimar labarin take. Ranar farko ya zo babu abin rubutu, malamar ajin, wadda ya girme ta, ta tsinci kwalin sigari a jakarsa, jarrabawa kuwa ya faɗi ya sake, ya faɗi ya sake, har abin ya zama abin dariya. A filin wasa ma jikinsa ya tona masa asiri, domin fuska ce kawai ƙwayar ta canza, ƙashi da jijiya suna nan a shekarunsu. Abu guda da ya fi yaran da shi shi ne ido. Ya ga Chizuru Hishiro, wadda ta fi kowa ƙoƙari a ajin amma ba ta san yadda ake yin ƙawa ba, har murmushinta tsoro yake ba mutane. Ya ga Rena Kariu, wadda hassada ta fara ci saboda an sha gabanta, har ta kai ta ga ɗauke jakar Hishiro. Yaran suna ganin juna ne kawai a matsayin abokan gasa, shi kuwa ya san inda irin wannan hanya take ƙarewa.

Ya sani ne domin ya gani da idonsa. Can a tsakiyar labarin aka bayyana dalilin da ya sa ya bar aiki. Wata ma'aikaciya da take koya masa aiki ta fi abokan aikinta ƙwazo, suka sa ta a gaba da makirci da ɓata mata aiki. Kaizaki ya tashi ya kare ta, abin ya ƙara muni, daga ƙarshe ta kashe kanta a cikin ofishin. Da ya ga yadda kamfanin ya shafe maganar kamar ba a yi ba, sai ya fita. Ashe ba lalaci ya fitar da shi ba. Amma takardar neman aiki ba ta da gurbin da za a rubuta wannan, wata uku kawai take nunawa.

Saboda haka abin da Kaizaki ya samu a shekarar nan ba ƙarin lokaci ba ne, ba kuma sabuwar takardar shaida ba. Ya shiga makarantar a matsayin wanda ya daina sa baki a al'amarin kowa, don sau ɗaya da ya sa aka yi rashin rai, ya fito a matsayin wanda ya sake yarda cewa sa baki yana iya yin amfani. Gyaran nasa ya biyo ta hanyar gyaran waɗansu ne, waɗanda kuma ya san ba za su tuna da shi ba.

Akwai aibi a labarin da bai kamata a rufe ido a kansa ba. Namiji ɗan shekara 27 ya ɓad da kama ya zauna cikin 'yan mata 'yan makaranta, har zuciyarsa ta karkata ga ɗaya daga cikinsu. An warware wannan ƙulli da cewa ita ma Hishiro babba ce da ta haɗiyi ƙwayar tun kafin shi. Dabara ce, amma dabarar kauce wa tambaya ce, kuma mai kallo mai hankali zai lura da haka.

ReLIFE ba shi kaɗai ba ne a wannan fage. A cikin Boku dake ga Inai Machi, wanda ma'anar sunansa take nufin garin da mutum shi kaɗai ne babu shi a ciki, Satoru ɗan shekara 29 ya sami kansa a shekarar 1988 yana ɗan firamare, ya shiga ƙoƙarin ceton wata 'yar ajinsu da ake azabtarwa a gida. A cikin Orange, yarinya 'yar shekara 16 ta sami wasiƙa daga ita kanta ta shekara goma masu zuwa, tana roƙonta kada ta bari wani ɗan ajinsu ya hallaka kansa. Duka biyu an nuna su a 2016. Tokyo Revengers na 2021 ya mai da ɗan shekara 26 baya da shekara 12. Tun kafin waɗannan duka, a 1991, Isao Takahata ya yi Omohide Poro Poro, inda babu ƙwaya babu tsafi: wata ma'aikaciyar ofis 'yar shekara 27 ta tafi ƙauye aikin gona, tunanin yarintarta ya bi ta har ya sa ta sake duba rayuwarta. Abin lura shi ne shekarun mutanen: 26, 27, 29. Ba tsofaffi ba ne masu begen ƙuruciya. Matasa ne da suke jin ƙofa ta riga ta rufe.

Ƙofa ɗaya, a shekara ɗaya

Dalilin wannan ji yana cikin tsarin ɗaukar ma'aikata na Japan. Shekarar karatu da ta aiki duka a watan Afrilu suke farawa. Manyan kamfanoni sun saba ɗibar sababbin ma'aikata sau ɗaya a shekara, kai tsaye daga ajin ƙarshe na jami'a, su horar da su, su riƙe su har ritaya. Ɗalibi yakan fara neman aiki tun kafin ya gama karatu. Wanda ya rasa a shekararsa, ko ya samu ya bari da wuri, ya fita daga layin, kuma komawa cikinsa yana da wuya ƙwarai.

Muddin arziki yana bunƙasa wannan tsari bai dami kowa ba. Amma kasuwar hannun jari ta Tokyo ta kai ƙololuwa a watan Disamba na 1989 ta rikito, ba ta kuma sake kai wannan matsayi ba sai a watan Fabrairu na 2024. Kamfanoni suka rage ɗaukar ma'aikata, waɗanda suka gama karatu daga wajejen 1993 zuwa 2005 suka faɗa cikin abin da Japanawa suka kira zamanin ƙanƙara na neman aiki. Da yawansu ba su taɓa samun aiki na dindindin ba har suka manyanta. A 1998 wani likitan ƙwaƙwalwa, Tamaki Saito, ya fitar da littafin da ya yaɗa kalmar hikikomori, watau mutumin da ya kulle kansa a ɗaki wata shida ko fiye, ba makaranta ba aiki ba hulɗa. Binciken gwamnatin ƙasar ya ƙiyasta irin waɗannan mutane 541,000 ne tsakanin 'yan shekara 15 zuwa 39 a rahoton 2016, da 613,000 tsakanin 'yan shekara 40 zuwa 64 a rahoton 2019. Rahoton 2023 ya kai adadin wajen miliyan 1.46. Ga su kuma waɗanda suka sami aikin, kusan uku cikin goma na masu digiri sukan bar aikinsu na farko kafin shekara uku, kuma mutuwa saboda yawan aiki ta zama abin da har suna gare shi, karoshi, abin da ya sa aka yi dokar ƙayyade aikin bayan lokaci a 2018.

Don waɗannan mutane aka yi ReLIFE. Akwai ma shaida a cikin wasan kansa: kowane kashi ana rufe shi da wata tsohuwar waƙa ta wajejen shekarar 2000, wadda ɗan sakandare na 2016 bai tashi da ita ba, amma ɗan shekara talatin zai ji ta ya tuna ajinsu.

Sai kuma a tambaya, me ya sa sakandare? Japanawa suna kiran samartaka seishun, kalmar da take nuni da lokacin da itatuwa suke toho bayan sanyi, kuma sun ɗauki shekara ukun nan na babbar sakandare a matsayin lokaci na ƙarshe da mutum yake da abokai ba don wani amfani ba. Bahaushe bai ɗora wa ƙuruciya wannan daraja ba. A wurinsa ƙuruciya dangin hauka ce, kuma abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai hango shi ba. Saurayi a ƙasar Hausa yana da dandalinsa da gayyarsa da Sarkin Samarinsa, amma burinsa ya yi aure a kira shi magidanci. Da wuya a sami tatsuniyar Hausa da dattijo yake roƙon a mai da shi yaro. Nadama kuwa an san ta, an ce da na sani ƙeya ce, a baya take, kuma ba a juya kai a ga ƙeya.

Yadda ƙasar Hausa ta amsa tambayar

Wannan ba ya nufin ƙasar Hausa ba ta san dama ta biyu ba. Ta san ta, sai dai ta wata fuska dabam, kuma Sakkwato tana cikin wuraren da abin ya fara tsari. Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta kafa tsarin 'Yan Taru domin matan ƙauyuka da karatu ya wuce su. Takan naɗa shugaba, a kira ta jaji, a ɗora mata malfa, ita kuma ta jagoranci ayarin mata zuwa wurin Nana su ɗauki karatu cikin waƙoƙi, su koma su koya wa na gida. Waɗanda suke yin tafiyar 'yan mata ne ƙanana da kuma mata manya waɗanda suka wuce haihuwa. Watau jika da kaka a aji guda, kowacce da fuskarta da shekarunta. Ba a bukaci tsohuwa ta ɓad da kama kafin ta zauna ba.

Bayan shekara ɗari, a farkon shekarun 1950, gwamnatin Jihar Arewa ta ɗaura Yaƙi da Jahilci, inda Malam Ahmadu Kumasi ya yi fice wajen tafiyar da shi. Manoma da 'yan kasuwa da dogarai suka zauna a zaure da yamma suna koyon karatun boko da lissafi, hukumar NORLA a Zariya tana buga musu ƙananan littattafai da jaridun larduna, ta lardin Sakkwato ita ce Zaruma. Karin maganar nan, gemu ba ya hana ilimi, ita ce ginshiƙin abin. A 1980 gwamnatin Abubakar Rimi ta kafa hukumar ilimin manya ta Jihar Kano, wadda ta sami lambar yabo ta UNESCO a 1983.

Daga irin waɗannan azuzuwa ne marubuciya Balaraba Ramat Yakubu ta fito. An cire ta daga makaranta tana ƙarama, aka yi mata aure tana da shekara 13, sai daga baya ta koma karatu a ajin manya a Kano. Littafinta na 1990, Wa Zai Auri Jahila?, shi ne labarin Hausa da ya fi kusa da wasannin da ake magana a kansu. Abu, yarinyar da ke cikinsa, an fitar da ita daga makaranta, saurayinta ɗan boko ya guje ta don ba ta yi karatu ba, aka aurar da ita ga wani tsoho, ta gudu zuwa birni, ta koma karatu har ta zama ma'aikaciyar jinya. Idan aka ajiye Abu kusa da Kaizaki bambancin yana fitowa sarai. Shi ya yi samartakarsa a makaranta, yana neman ya maimaita. Ita ba ta taɓa samun ta farkon ba, daga yarinta aka tsallaka da ita zuwa ɗakin miji. Shi sai da aka ɓoye shekarunsa, kuma ladan da aka yanka masa shi ne a manta da shi. Ita ta koma aji a matsayin bazawara, kowa ya san ta, kuma waɗanda suka raina ta sun rayu sun ga abin da ta zama. A wannan gwaji labarin Hausa ya fi na Japan ƙarfin zuciya, ko da yake na Japan ya fi shi zurfi wajen nuna abin da ke faruwa a cikin ran mutumin da ya karaya.

Ƙofar karatu har yanzu a buɗe take gwargwado. Akwai jarrabawar kammala sakandare ta 'yan waje ga wanda ya faɗi ko ya bar makaranta, akwai makarantun matan aure, akwai karatun share fage a jami'o'i, ma'aikaci kuma yana iya neman hutun ƙaro ilimi. Buɗaɗɗiyar Jami'a ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1983 zamanin Shehu Shagari, aka dakatar a 1984, aka farfaɗo da ita a farkon shekarun 2000, ba ta tambayar yawan shekaru. Tsohon shugaban ƙasa Olusegun Obasanjo ya karɓi digirin dakta a cikinta a 2018 yana da shekara 80.

Ƙofar aiki ce take ƙuntata, kuma ta nan ne Nijeriya take kama hanyar da Japan ta bi. Tsarin bautar ƙasa da aka kafa a 1973 ba ya ɗaukar wanda ya haura shekara 30 lokacin da ya gama digiri, takardar yafewa ake ba shi. Tallan neman ma'aikata na bankuna da kamfanoni sau da yawa yakan ce kada mai nema ya wuce 26 ko 27, watau daidai shekarun Kaizaki. Ɗalibin kuwa ba shi yake da iko da kalandarsa ba. Yajin aikin malaman jami'a ya ci wata tara a 2020, ya sake cin wata takwas a 2022. Yaron da ya fara da makarantar allo ya shiga boko a makare, ya zauna shekara biyu yana neman gurbi, sa'an nan yajin aiki ya same shi, zai fito da digiri yana dab da talatin ba tare da ya faɗi jarrabawa ko sau ɗaya ba. Saurayin da ke kan benci a Sama Road, idan ya ga Kaizaki ya sa kwat don kada abokai su gane ba shi da aiki, ba ya bukatar a fassara masa.

Nijeriya ma ta ƙago ƙwayarta, kuma ma'aikatan gwamnati sun san ta fiye da kowa: takardar rantsuwar shekarun haihuwa. An yi ta ne don amfanin wanda aka haifa a inda ba a rajistar haihuwa, kuma irin waɗannan suna da yawa. Amma ta zama hanyar da ɗan shekara 31 yake shiga kotu ya fito ɗan 26. Kamar ƙwayar cikin wasan, fuskar takarda kawai take canzawa, jiki yana nan a shekarunsa, kuma tana zuwa da sharaɗin kada a faɗa wa kowa. Bambancin shi ne ta Kaizaki shekara guda take aiki, wannan kuwa sai an riƙe ta har ritaya, wadda a dokar aikin gwamnati take zuwa a shekara 60 da haihuwa ko 35 da kama aiki. A tsawon wannan lokaci mutum yakan koyi kiran sa'o'insa yayye a gaban abokan aiki, ya kuma yi hattara da zancen shekarar da aka yi wani abu a garinsu. Ranar da aka zo tantance ma'aikata kuwa, aka jera takardu a kan tebur, jami'in tantancewa yakan fara duba takardar gama firamare, ya lissafa, ya tarar mai fayil ɗin ya kammala aji shida yana da shekara biyar.